Tebur Mai Gajeriyar Ƙafa

Har yau a cocinmu akwai masu cewa da gangan na kifar da teburin ƙanena Terfa, wasu ma har da ƙarin gishiri, wai Ruhu ne ya sauko mini. Ban kifar da komai ba. Teburin nan sai ƙarti huɗu ke iya ɗaga shi, ni kuwa shekarata hamsin da tara, gwiwata ta hagu ko matakala ba ta son gani. Littafin babana kawai na sunkuya na zare. Amma tun da maganar ta ƙi mutuwa, gara in faɗe ta da bakina, daga tushe.

Babanmu, Malam Aper, mai bishara ne, mutumin Tibi. Shi ya kafa ɗan cocin da mutanen unguwarmu a Lafiya ke kira cocin gindin mangwaro. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, tagogi uku, ƙararrawarmu kuwa tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye a jikin mangwaron. Masu zuwa sujada akwai Egon, akwai Alago, akwai Migili, ga mu Tibi, babu mai jin yaren wani, saboda haka Hausa ce ta haɗa mu. Hausar Baba kuwa ba ta san mace ba. Ni 'yarsa "kai" nake, mamanmu "shi" ce, har ya koma ga Ubangiji bai taɓa gyarawa ba. In ya ce, "Hannatu, kai zo nan," ba na ko jin wani abu ya karkace.

Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, su ne suka yi daɓen cocin da hannunsu, mamanmu a gaba, suna buga ƙasa suna waƙa. Daɓen ya yi kyau, sai dai a can gaba, ta hannun dama, akwai wani dutse da ya leƙo daga cikin ƙasa. Maza sun yi kwana biyu suna haƙarsa, suka ga abin ba shi da iyaka, suka haƙura. Aka yi daɓe kewaye da shi, ya zauna da ɗan tudunsa, kowa ya koyi ɗaga ƙafa in ya zo wurin.

Ina da shekara goma aka yanke shawarar yin teburin Jibin Ubangiji, wato teburin da ake ɗora gurasa da ƙoƙo a kai. Kafin nan a kan wata tsohuwar ƙofa da aka ɗora bisa bulo ake yi. Baba ya tambaya a gari wane ne kafintan da aikinsa ba ya ba da kunya, kowa ya ce Kalilu. Musulmi ne, iyayensa daga Kano suka zo, rumfarsa na kusa da kasuwa. A lokacin matashi ne, siriri, mai ɗan gemu, ga shi da baki.

Ranar da ya zo awo ina cikin cocin ina shara. Da ya iso ƙofa sai ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe. Baba ya ce masa, "Malam kafinta, shiga da takalmi, mu nan ba ya cire."

"Ku ne ba ku cirewa," in ji Kalilu. "Ni ƙafata ta saba."

Ya shiga ya zagaya, ya auna da igiya, ya auna da taƙi, sannan ya durƙusa a gaban dutsen ya daɗe yana shafa shi. Ya ɗora yatsu biyu a gefensa, ya gyaɗa kai. Yana cikin haka idonsa ya faɗa kan kwanon da ke rataye a bango, ya tambayi na mene ne. Baba ya ce na baiko ne, kowace Lahadi ana yin baiko. A wurinmu baiko shi ne abin da mutum ke sakawa a kwano don aikin Allah. A wurin Kalilu kuwa baiko shi ne sa ranar aure. Ya buɗe baki ya ce, "Kowace Lahadi? Malam, 'yan matanku ba sa ƙarewa ne?" Na yi dariya har tsintsiya ta faɗi, Baba ya harare ni, shi ma dariyar na cinsa.

Da aka gama awo, Baba ya tsaya daidai wurin da teburin zai zauna, ya tura hannu a aljihu ya ce, "To, wannan tebur nawa ne shi?"

Kalilu ya naɗe igiyarsa a hankali, ya taka zuwa ƙofa, ya sa takalmansa, ya wuce har gindin mangwaro, sannan ya juyo. Baba ya bi shi yana zaton ya yi masa wani laifi.

"Malam Aper," in ji Kalilu, "ɗakin ibada ne fa. Ba na ciniki a ciki, ko namu ko naku. Nan ne wurin magana."

Na ga kunya ta rufe Baba tun daga wuya har goshi. Amma kada wani ya ɗauka Kalilu waliyyi ne. A gindin mangwaron nan ya ja ciniki har rana ta karkata, bai raga wa Baba ko sisi ba.

Lahadin da ta biyo baya Baba ya ajiye wa'azin da ya shirya. Ya ba mu labarin ranar da Yesu ya shiga Haikali ya tarar an mayar da farfajiyarsa kasuwa, ga masu tattabaru, ga masu tumaki, ga 'yan canji, ya kore su ya kifar musu da tebura. Duk mun san labarin. Abin da ba mu taɓa ji ba shi ne mai bishara ya tona wa kansa asiri a gaban jama'a.

"Ni mai wa'azi," in ji Baba, yana dukan ƙirjinsa, "kafinta shi ya yi mini wa'azi. Kasuwa ba zunubi ba, ni ma ina cin doya na kasuwa. Amma a kasuwa mai kuɗi shi ne gaba. Nan ciki babu gaba, babu baya. In kun kawo kasuwa nan, talaka zai tsaya a ƙofa yana taɓa aljihu kafin ya shiga wurin Uban shi."

Daga ranar aka yi doka, ba a rubuta ta ko'ina ba: duk abin da ke da farashi, iyakarsa gindin mangwaro. Ko a godiyar kaka, lokacin da manoman Ashige da na Arikya ke kawo doya da riɗi da kaji a jera a gaban coci, da an yi addu'a a kansu sai matasa su kwashe su kai bayan mangwaro, a can ake gwanjonsu. Wata mata ta taɓa raɗa wa maƙwabciyarta kuɗin manja ana tsakiyar waƙa, Baba ya tsayar da waƙar ya raka su biyun har gindin bishiyar, ya jira suka gama, sannan aka ci gaba daga baitin da aka tsaya.

Bayan mako uku Kalilu ya kawo teburin a kura. Na madaci ne, ja wur, mai nauyin tsiya, da ɗan aljihu guda a gaba. Da aka sauke shi a tsakar fili sai ya kama rawa, dattawa suka fara gunaguni cewa kafintan da ake yabo ya kawo musu gurgun tebur. Kalilu ko a jikinsa. Ya ce a shiga da shi. Aka shiga, ya juya shi, gajeriyar ƙafar ta hau kan dutsen, teburin ya zauna daram. Ya rage mata yatsa biyu cif, daidai tudun dutsen. Dattawan suka bi kusurwa-kusurwa suna dannawa, ko motsi.

A kan teburin nan na ci Jibi na farko. A gabansa aka ɗaura mini aure, a gabansa aka kawo Terfa, autanmu, yana jariri aka sa masa albarka. Kowace Asabar ni ke wanke farin ƙyallensa in goge shi da dutsen guga na gawayi. A cikin aljihun teburin Baba ke ajiye ɗan littafin waƙoƙinsa, wanda Mama ta ɗinke wa bango da guntun atamfa mai shuɗin ganye don kada ya yage. Da Baba ya rasu ba mu ɗauke littafin ba, mun bar shi inda ya saba kwana. Terfa na da shekara takwas a lokacin. Bayan shekara biyu Mama ta bi Baba, yaron ya dawo hannuna, ni na yi masa makaranta, ni na yi masa aure. Labarin Kalilu da gindin mangwaro kuwa ya ji shi a bakina har ya haddace. In na fara sai ya ƙarasa mini yana kwaikwayon muryar Baba, mu yi ta dariya. Ashe shi a wurinsa abin dariya ne kawai.

Shekaru suka tafi, gari ya cim mana, gonakin da ke bayan coci suka zama gidaje, jama'a suka yi yawa har ana sujada a waje. Aka fara sabon gini a gefen tsohon, Terfa ne shugaban kwamitin gini, don yana da shagon kayan wuta kuma kansa na ja. Ni kuma bayan na yi ritaya daga koyarwa sai 'yata ta haifi tagwaye a Kaduna, na tafi da niyyar wata uku na yi shekara biyu. Ina can aka buɗe sabon coci, a waya na ga hotunan.

Lahadin farko da na dawo na makara, saboda yanzu a unguwar Azuba nake zaune kuma Keke mai ƙafa uku sai an yi jira. Ginin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tayil har ƙofa, fankoki, lasifika ta kowace kusurwa, a can gaba teburin gilashi mai ƙafafun ƙarfe. Na zauna a baya ina ta leƙen inda aka ajiye tsohon teburinmu ban gan shi ba. Sai da aka zo sanarwa, Fasto Alexander, wani matashi mai ladabi da aka kawo ba na nan, ya ce duk mai bukatar man shafewa da hankicin albarka ya tsaya wurin Dattijo Terfa a bakin ƙofa. Na waiwaya, ashe teburin yana bayana tun ɗazu, cikin coci, dab da ƙofa, an lulluɓe shi da leda mai furanni.

Ba a ko gama waƙar rufewa ba mutane suka fara layi. An jera ƙananan kwalaben man zaitun hawa-hawa a kusurwa guda, ga hankici, ga sitika, ga kalanda mai hoton ginin. Terfa na tsaye a baya cikin farar shadda yana cewa, "Ƙarama ɗari biyar, babba dubu, Fasto ya yi addu'a a kai. Wanda ba shi da kash ya yi taransifa." Wata tsohuwa 'yar Migili da na sani tun muna 'yan mata ta matso, ta ɗauki ƙaramar kwalba ta juya ta, ta taɓa ƙullin bakin zanenta, ta mayar da kwalbar a hankali. Ta fita kanta a sunkuye, kamar ta yi wa wani laifi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Duk da haka na yi niyyar yin shiru sai mun koma gida, don ba na son in kunyata ƙanena a gaban mutane. Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata, a nan ne idona ya sauka kan ƙafar teburin. A kan tayil babu dutse, saboda haka an cusa wa gajeriyar ƙafar wani abu don ta daina rawa. Abin yana da bangon atamfa mai shuɗin ganye.

Ban yi tunanin komai ba. Na dafa kujera na durƙusa da gwiwata mai lafiya, na kama littafin. Daidai lokacin Terfa ya jingina da ɗaya kusurwar yana miƙa wa wata canji, nauyin ya koma can, littafin ya fito salin alin. Da ya ɗaga gwiwar hannunsa, teburin ya dawo kan gajeriyar ƙafarsa da ƙarfi. Kwalaben sama suka zubo kan na ƙasa, suka gangaro, suka yi ta fashewa a kan tayil ɗaya bayan ɗaya, mai ya malale har bakin ƙofa. Masu kiɗa suka tsaya. Ina durƙushe da littafi a hannu, na kasa tashi, sai da wata mata ta kama ni. Daga can baya wani dattijo ya ce da ƙarfi, "Yau an kifar da teburin 'yan canji!" wasu suka fashe da dariya, wasu suka ce amin.

Da yamma Terfa ya zo gidana, ko zama bai yi ba.

"Yaya, me na yi miki? A gaban matata, a gaban 'ya'yana?"

"Ban taɓa kwalbarka ba. Littafin Baba na ɗauka. Ka san ko a kan me ka ɗora ƙafar tebur?"

Ya kalli littafin a cinyata, tsakiyarsa ta lotsa, zanen ƙafar tebur ya fito a bangon. Ya ce shi wani tsohon littafi ya gani a aljihun, kaurinsa ya yi daidai, bai buɗe ba. Na yarda da shi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Yaya, abeg, ki gane," in ji shi. "Ba aljihuna kuɗin ke shiga ba. Silin ya rage, gidan Fasto ko rufi babu. Duk cocin garin nan haka suke yi. Zamanin Baba mutum arba'in ne, yanzu mun fi dubu."

"Ka sayar, ban hana ka ba. Mangwaron na nan, ban ga an sare shi ba."

"Janareto ne a gindinsa. Kuma a waje wa zai tsaya? Mutum in ya fita ya fita."

"Wato sai a cikin ɗakin ne mai yake da albarka?"

Sai ya ce teburin ne mai matsala, gurgu ne tun asali, zai kira kafinta ya daidaita sauran ƙafafu ukun da zarto, magana ta ƙare. In aka yanke ƙafafun nan, teburin ya zama na kowane wuri, sai dai wuri guda da aka yi shi dominsa. Na so in yi masa tsawa irin ta da, na tuna yanzu mutum ne mai furfura a gemu. Sai na ce, "In dai yankewa za a yi, wanda ya yi shi ya yanke. Baba Kalilu na nan da ransa." Ya ce duk ɗaya ne a wurinsa, ya fita ko sallama babu.

Kwana tara ba mu yi magana ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Ni kuma hankalina bai kwanta da shawarar da na bayar ba, don na san Baba Kalilu mutum ne da ba ya ƙin aiki. In an biya shi ya yanke, zai yanke, kuma zai yanke da kyau.

Ranar Talata da hantsi ina coci Baba Kalilu ya iso a Keke, zartonsa naɗe cikin buhu. Ya tsufa, ya rankwafa, gemun ya yi fari fat, 'ya'yansa ne ke riƙe da rumfar yanzu. Amma bakin na nan. Da ya gan ni ya ce, "'Yar Malam, har yanzu ana baikon?" Na ce ana yi, Baba, kowace Lahadi. Ya ce, "Kai, Allah ya ƙara 'yan mata."

A ƙofar sabon coci ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe. Terfa ya buɗe baki zai ce ba sai ya cire ba, ya fasa. Tsohon ya yaye ledar, ya shafa saman teburin da tafin hannunsa. Man da ya zube ya shiga katakon, jan madacin ya dawo. "Ko ba komai ya sha mai," in ji shi, "shekara kusan hamsin yana jin ƙishi." Ya girgiza teburin, ya yi ƙwal-ƙwal a kan tayil. Ya ɗago ya dubi Terfa.

"Dutsen na nan?"

"Wane dutse, Baba?"

"A kai shi tsohon ɗakin. A can na auna shi, a can zan ga abin da zan yanke."

Terfa ya ce tsohon ɗakin sito ne yanzu, kuma ai a nan teburin zai zauna, a nan ya kamata a auna. Baba Kalilu ya ce shi bai iya aiki da ka ba, ya nemi kujera ya zauna, ya ɗora zarton a cinya. Da Terfa ya ga tsohon ba shi da niyyar tashi, ya kira magina biyu da ke aikin gidan Fasto. Fasto Alexander da kansa ya naɗe hannun riga ya kama kusurwa ta huɗu.

Rabona da shiga tsohon cocin tun kafin in tafi Kaduna. An cika shi da buhunan siminti da karyayyun kujerun roba, gizo-gizo ya rufe tagogin, amma ƙamshin ƙasar na nan yadda na san shi. Sai da na dafa bango. Na ga wurin da Mama ke zama da tulun kiɗanta, na ga ƙusar da ake rataye kwanon baiko. Aka janye buhuna daga gaba, na karɓi tsintsiya na share wurin da kaina. Ga dutsen da ɗan tudunsa, ga ramuka uku marasa zurfi a daɓen, inda sauran ƙafafun suka yi shekaru suna tsaye.

Suka shigo da teburin suna nishi. Baba Kalilu, ƙafarsa ba takalmi, ya ce a juya, a ƙara juyawa, a matsa kaɗan, a sauke. Ƙafafu uku suka faɗa ramukansu, ta huɗu ta hau dutsen. Ba a ji ko ƙwal ba.

Terfa ya danna kusurwa ɗaya. Ya zagaya ya danna ta biyu, ta uku, ta huɗu, har ya ɗora nauyinsa duka a kai, yadda na ga dattawa sun yi ina da shekara goma. Teburin ko gezau.

"To," in ji Baba Kalilu, yana kwance buhun zarton, "nuna mini inda zan yanke. In ka ce in yanke zan yanke, aikina ne. Sai dai ka sani, teburin lafiyarsa lau. Can ɗin ne ba wurinsa ba."

Maginan suka sulale suka koma bakin aikinsu. Terfa ya tsaya hannuwansa biyu a kan teburin, yana kallon katakon. Can ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, na gane abin da yake so, na ciro littafin daga jakata na ba shi. Ya buɗe shafin farko. A nan Baba ya rubuta sunayenmu mu shida da ranakun haihuwa, da rubutunsa mai karkata, na ƙarshe Terfa. Ƙafar teburin ta lotsa takardar daidai ƙasan sunansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe, ya jawo aljihun teburin ya saka littafin, ya mayar da aljihun a hankali.

"Fasto," in ji shi, "sauran katan ɗin man nan, a kai shagona. Mai so ya same shi a can a kuɗin da ake sayar da man zaitun. Addu'a kuwa a yi wa kowa."

Fasto Alexander ya ce shi ma abin ya daɗe yana damunsa, ya rasa yadda zai faɗa wa dattawa ne. Yaro ne, zai koya.

Baba Kalilu ya mayar da zartonsa cikin buhu ya ɗaure. Terfa ya share ido da bayan hannu, ya gyara tsayuwa, ya koma shugaban kwamiti. Yana tsaye daidai inda Baba ya tsaya, ya tura hannu a aljihun shaddarsa.

"Baba, mun wahalar da kai. Na zuwanka da na Keke, nawa ne za mu..."

Maganar ta maƙale. Baba Kalilu kallonsa kawai yake yi, gemun na ɗan motsi. Na ga kunya ta taso wa ƙanena tun daga wuya har goshi, ban taɓa lura yana kama da Baba haka ba sai ranar. Dariya ta zo mini tare da kuka, na rasa wanda zan fara.

Terfa ya zare hannunsa daga aljihu. Ya taka zuwa ƙofa, ya sunkuya ya juya wa tsohon takalmansa, ya riƙe masa hannu har ya saka.

"Baba," in ji shi, "mu je gindin mangwaro."